Jiran Banza A Turke Na Tara

Ranar Juma'a da safe na tarar da rabin unguwarmu a bakin shingen turken sabis. Kowa ya ɗaga wayarsa sama yana jujjuya ta, babu ko ɗigon sabis. A tsakiyarsu Baba ne tsaye, mahaifina, hularsa a hannu, yana ƙifta ido kamar wanda aka watsa wa yashi.

Shekara goma sha ɗaya Baba yana gadin wannan turken, wanda kamfani ke kira turke na tara. Unguwarmu a cikin kwari take, in dogon ƙarfen nan ya mutu babu kiran da zai shiga ko ya fita. Da aka ɗauke wuta da asuba ya kamata batura su karɓi aiki. Ba su karɓa ba, domin babu su. Akwatinsu a wangale yake, wayam, kwaɗonsa a yanke a ƙasa. Batir goma sha shida, har da wanda yake tayar da janareta. Kwaɗon ƙofar shinge kuwa lafiyarsa ƙalau, makullinsa yana aljihun Baba.

"Tsohon banza!" in ji wata maƙwabciyarmu, tana nuna shi da yatsa. "Mijina ya faɗi a banɗaki, na kira mota har yatsana ya yi ciwo. A baro muka tura shi titi!"

Wani daga baya ya ce, "Gadi yake yi ko kasuwa ya buɗe?"

Aka yi dariya. Na juya ina neman bakin da ya faɗa, sai Baba ya ce, "Ba-Zama, tsaya wuri ɗaya." Sunan da yake kira na ke nan tun ina rarrafe.

Ana haka motar Manajan kamfani ta iso, ta 'yan sanda na biye da ita. A ofis Kwana Biyu muke kiran Manaja a bayan idonsa, domin ko gobara ka kai masa ƙara zai ce ka ba shi kwana biyu. Ya fito ya taka ƙurar wurin, ya zaro hankici ya sunkuya ya goge takalminsa, na dama sannan na hagu, kafin ya dubi kowa.

Sufeto ya zagaya akwatin, ya ce, "Manaja, yaushe rabonka da nan?"

"Wata biyar, ranka ya daɗe. Turaku sittin ne a ƙarƙashina. Inda na yarda da maigadi ba na yawan zuwa." Ya girgiza kai. "Ashe kuskure na yi."

Sufeto ya juya ga Baba. "Dattijo, ka ji motsi da dare?"

"Ban ji ba."

"Ka ba wani makulli?"

Baba ya dubi ƙasa. Manaja ya matsa ya dafa kafaɗarsa, ya raɗa masa wata magana. Baba ya gyaɗa kai, bai sake buɗe baki ba.

"To, ranar Litinin ka yi wa alƙali wannan shirun," in ji Sufeto.

Suka sa shi a bayan mota. Mutanen da yake tara wa ruwa in famfo ya zo suna wurin aiki, su ne suka bi motar da ihu.

* * *

A kamfanin nake aiki, a ɗakin kwamfutoci mai sanyi da ke bene na biyu. Ba ni da takardar makaranta, gyaran waya nake yi a bakin titi Injiniya ta gan ni ta jawo ni. Ita ce ta gina tsarin da muke aiki da shi, ita kaɗai ce kuma ba ta taɓa tambayata aji nawa na tsaya ba.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Kowane layin waya yana da wata 'yar ƙaramar manhaja da take bin sa. Ɗan rakiya muke ce mata. Yana ɗauke da bayanan layinka kamar mai riƙe maka jaka. In ka tashi daga inda wannan turke yake kamawa ka shiga na gaba, ɗan rakiyarka zai tattara ya koma can, don kada kiranka ya yanke. Duk turken da ya sauka yana barin sawu. Sawun kwana uku yake yi ya goge kansa, haka doka ta ce.

Yana kuma da wata ɗabi'a. In ya ga ka yi tafiya iri ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya, mako huɗu a jere, sai ya daina bin ka a baya. Ya riga ka zuwa, ya kama maka wuri, ya zauna yana jira. In ba ka zo ba ya koma inda kake, ya rubuta cewa ya yi jiran banza. Aikina shi ne share jerin jiran banzan nan kullum. Babu mai karanta shi. Shara ce, ni ne mai tsintsiya.

Da na shiga, Injiniya ta dube ni ta saman tabarau. "Na ji. Zauna kafin ka fasa mini wani abu."

"Anti, Baba ko allura bai taɓa ɗauka ba."

"Ni ba alƙali ba ce. Ga takardar Sufeto, ya ce a duba duk layin da ya shafi turke na tara. Ni zan duba. Kai ka zauna a gefena, kada ka taɓa komai."

Na zauna a gefenta, na taɓa komai.

Muka bi sawun daren Alhamis layi bayan layi. Babu baƙo ko ɗaya. 'Yan unguwa ne kawai, kowa a inda ya saba kwana. Na fi tsayawa a kan layin Mai Walda, domin bangon shagonsa ya jingina da shingen turken, kuma duk unguwar babu mai kayan yanka ƙarfe sai shi.

* * *

Na sami Mai Walda ya tsuguna yana haɗa ƙofa. Ban yi sallama ba.

"Ina ka kai su?"

Ya ɗage baƙin gilashinsa. "Su wa?"

"Baturan. Bango ɗaya ne tsakaninku."

Ya miƙe a hankali, ya fi ni tsawo da kai guda. "Kai, ɗan maigadi. Na yi maka uzuri saboda ubanka yana bayan kanta. Ka sake faɗa, in haɗa bakinka da ƙofar nan in yi musu walda tare."

"To wa ya yanka kwaɗon?"

"Wawa ne ya yanka. Ka ɗauki hotonsa? Kawo."

Na miƙa masa wayata. Ya buɗa hoton da yatsu biyu masu baƙin mai.

"Dubi inda aka yanka. Wannan ƙafar, in an kulle kwaɗo, cikin cikinsa take shigewa. Ta ina almakashi zai kai gare ta? A buɗe aka yanka shi. An sa makulli an buɗe, an kwashe kaya, sannan aka yanka don a ce fashi ne." Ya mayar mini da wayar, muryarsa ta sauka. "Ban gaya wa Sufeto ba. Ka san a wuyan wa zai rataya shi."

Na sani. Na fito ba godiya, na shuri wani gwangwani har sai da babban yatsana ya fashe.

* * *

Ranar Asabar na je wurin Tela. Shagonta yana kallon ƙofar shingen, kekenta a bakin taga, tun safe har yamma idonta yana kan titi. An ce ko kaza ta canja miji a layin nan ta sani.

"Anti, 'yan sanda sun tambaye ki?"

"Sun tambaye ni me na gani da dare. Na ce musu da dare barci nake yi, ni ba mujiya ba ce." Ta ciji zare. "Allah sarki Baba. Shi yake kore mini yara daga bakin taga."

"Da rana fa? Ba ki ga baƙo ba?"

"Babu baƙo. Sai motarku kawai."

"Wace motarmu?"

"Farar nan mai tambari. Ta ranar Alhamis."

Na matsa kusa da keken. "Shekaranjiya ta zo?"

"Kamar kullum, wajen ƙarfe ɗaya. Ta shiga da baya har ciki. Wannan karon ma ta fi daɗewa, har na gama hannun riga biyu."

"Kullum tun yaushe?"

"Wata biyu zai yi."

"Wa ke tuƙawa?"

"Oho. Hular kwano, riga mai ƙyalli, baƙin gilashi. Ai duk kanku ɗaya ne, kamar ƙwai a kwali."

"Baba yana ina lokacin?"

Ta tsayar da keken. "Ka san kuwa, ranar Alhamis ba na ganin sa da rana."

Ashe ba da dare aka yi satar ba. Da rana tsaka aka yi, gaban idon kowa, lokacin akwai wuta, turken bai ko yi tari ba. Duk unguwa ta ga ɓarawo, ta ɗauka ma'aikaci ne. Ma'aikacin ne kuwa.

Na nufi garejin kamfani a guje. Direban da ke kai wa turaku mai yana wanke tankarsa. Na cakumi wuyan rigarsa ta baya.

"Wata biyu kana zuwa unguwarmu ranar Alhamis!"

Ya juyo ya sakar mini ruwan tiyo a fuska. "Huce tukuna. Ni ranar Litinin nake zuwa, da tanka. Ka taɓa ganin an loda batir a tanka? Ranar Alhamis ina can bayan gada."

"Farar motar fa?"

"Makullinta yana rataye a ƙusa a ofis, kowa ɗauka yake yi kamar butar banɗaki. Sakar mini riga, guda ɗaya ce."

Na koma bene a jiƙe. Sawun Direba ya nuna gaskiyarsa, yana bayan gada tun safe har la'asar. Mutum biyu na zarga a banza.

Sai na yi abin da nake gudu tun jiya. Na buga lambar Baba.

Alhamis, sha biyu da rabi, ɗan rakiyarsa ya bar turke na tara ya koma turke na arba'in. Bayan minti ashirin wayar Baba ta iso. Ba bin sa ya yi ba, riga shi zuwa ya yi. Ke nan Baba ya saba. Na buɗe taswira. Abu ɗaya ne babba a gindin turke na arba'in: asibitin ido.

* * *

A ofishin 'yan sanda suka fito mini da Baba bakin kanta. Kwana ɗaya kawai, amma rigarsa ta yi masa yawa. Na ɗaga yatsu uku daga inda nake tsaye.

"Baba, nawa ne nan?"

"Ka zo gaishe ni ne ko wasa?"

"Nawa ne?"

Ya dubi wajen da muryata take, ba inda hannuna yake ba.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ya kusa shekara. Na hagu ya tafi. Na dama suke auna mini duk mako, suna ɗiga magani, wai kafin a yi aiki." Ya shafa fuskarsa. "Wa zai bar makaho yana gadi? In kamfani ya ji, shi ke nan."

"Shi ya sa ka dawo ranar Alhamis ka wuce kwaɗo a yanke a ƙasa ba ka gan shi ba."

"Rage murya."

"Ba zan rage ba! Ina kwana gida ɗaya da kai, ka rasa wanda za ka gaya wa sai bare? Wa kake bar wa makulli in za ka tafi?"

"Mutumin ya rufa mini asiri wata biyu. Ba zan tona nasa ba."

"Shi ya kwashe baturan, Baba!"

"Ba shi ba ne. Taimako na yake yi. Ya ce in na buɗe baki mu duka za a kora. Ya ce in yi haƙuri, zai fitar da ni, in ba shi kwana biyu."

Bai san ya faɗi suna ba. Na buga kantar da hannu har ɗan sandan da ke rubutu ya zabura.

"Ka ji ni," in ji Baba, "in ka kai maganar idona waje, ban yafe ba."

* * *

Ranar Lahadi tun safe ina bene. Na gaya wa Injiniya komai. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

"Ka san wanda kake zargi?"

"Na sani."

"Buga lambar. Layin kamfani ne, takardar Sufeto ta rufe mu."

Lambar Manaja a kaina take. Shekara biyu ina kiran ta a kan takardar ɗaukata aiki ta dindindin. Na buga. Ranar Alhamis wayarsa tana turke na ɗaya, wanda ke saman ofishinmu, tun takwas na safe har biyar na yamma. Ko ƙofa ba ta leƙa ba.

"Ya bar ta a kan tebur," na ce. "Makonnin baya fa?"

"Sun goge. Ya san dokar kwana uku, shi da kansa ya rattaba mata hannu a kamfani." Ta mayar da tabaran. "Maganar makaho da ta tela da ba ta ga fuska ba, a kan maganar Manaja da wayarsa. Ka san yadda za ta ƙare."

Na tashi na zagaya ɗakin, na dawo, na sake zagayawa. Gobe da safe za a tsayar da Baba gaban alƙali a kira shi ɓarawo a rubuce. Wancan kuwa yana gidansa yana goge takalmi.

"Za ka huda mini ƙasa," in ji Injiniya. "Zauna ka yi aikinka. Tun Alhamis ba ka share jerinka ba."

Na zauna don kada in fasa allon. Na buɗe jerin jiran banza. Ɗaruruwa ne. Wanda ya saba zuwa kasuwa bai je ba, wadda ta saba kai yara makaranta ta makara. Na ɗora yatsa zan share na Alhamis gaba ɗaya, sai idona ya faɗa kan wata lamba da ta ƙare da bakwai uku.

Turke na tara. Ya iso ɗaya saura minti goma. Ya jira minti arba'in. Mai layi bai zo ba. Ya koma turke na ɗaya.

Na janye yatsana a hankali kamar daga kan wuta.

"Anti. Zo ki gani."

Ta karanta sau biyu. "Me zai kai ɗan rakiyar Manaja unguwarku ya zauna jira?"

"Sai in ya saba kai shi can. Duk Alhamis, ƙarfe ɗaya. Mako huɗu a jere ko fiye."

"Ya ce rabonsa da wurin wata biyar."

"Gaban Sufeto ya faɗa."

Ta dubi agogon bango. Sha biyu da minti ashirin. Nan da rabin awa layin zai cika kwana uku ya goge kansa. Ban taɓa ganin Injiniya ta yi sauri ba sai ranar. Ta kulle bayanan, ta buga su a takarda, ta sa hannu, ta ɗauki waya.

"Sufeto? Kafin ka kai tsohon nan kotu gobe, ka biyo da shi ta turke na tara. Ka kira Manaja ma."

* * *

Litinin da hantsi muka taru a cikin shingen. Baba yana zaune a kan bencinsa da ɗan sanda a gefe. Mai Walda ya harɗe hannu, Direba ya jingina da tankarsa, Tela ta zo da tef a wuya. 'Yan unguwa sun manne da wayar shingen ta waje. Manaja ne ya zo ƙarshe, yana duba agogo.

"Ranka ya daɗe, masu duba kaya daga babban ofis suna hanya, yau za su fara zagayen turaku. Me ake yi a nan?"

"Tambaya ɗaya ce," in ji Sufeto. "Ka ce yaushe rabonka da nan kafin Juma'a?"

"Wata biyar. Ranar Alhamis kuwa ina ofis, a duba wayata."

"An duba. Saurayi, yi bayani."

Manaja ya yi murmushi. "Wannan? Mai shara ne fa. Ko sakandare bai gama ba."

"Shara na zo da ita, yallaɓai," na ce. "Wayarka tana ofis, gaskiya ne. Ka bar ta a tebur don ka san ana bin sawu. Amma ka manta ɗan rakiyarka ba ya jiran ka tashi. Ɗaya saura minti goma ya zo nan ya kama maka wuri. Minti arba'in yana jiran wayarka, kai kuwa kana nan a gabansa kana lodi."

"Na'ura ce, tana kuskure."

"Ni na gina ta," in ji Injiniya. "Ba ta zuwa inda ba a saba kai ta ba. Sai ka kai ta sau huɗu a jere take koyon hanya. Wa ya koya mata hanyar turke na tara ranar Alhamis?"

Mai Walda ya ce, "Kwaɗon kuma a buɗe aka yanka shi. Wanda ya yanka yana da makulli a hannu."

"Makulli yana wurin maigadi!" Manaja ya ɗaga murya. "Tsohon nan da bakinsa bai ce na karɓa ba. Ku tambaye shi!"

Kowa ya juya ga Baba. Baba ya sunkuyar da kai. Na san ba zai yi magana ba, na kuma san abin da ya ce mini a bakin kanta. Na dube shi, na dubi ankwar da ke rataye a ƙugun ɗan sandan.

"Baba ba ya gani," na ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji. "Duk Alhamis yana asibitin ido daga sha biyu da rabi zuwa uku. Ga sawunsa. Ya ɓoye don kada a kore shi. Mutum ɗaya ya gaya wa, mutumin ya ce je ka, bar mini makulli a ƙarƙashin benci, zan zo in tsare maka wurin."

Baba ya runtse ido kamar na mare shi.

Manaja ya ja da baya, ƙafarsa ta faɗa cikin taɓon da man janareta ya yi. Ko tunani bai yi ba. Ya zaro hankici ya sunkuya, na dama sannan na hagu.

"Shi ne!" Tela ta ƙwalla ihu. "Wallahi shi ne! Haka yake yi duk Alhamis kafin ya shiga mota. Har na ce a raina wannan lebura da tsafta yake!"

Manaja ya tsaya a sunkuye, hankici a hannu.

Baba ya ɗago. Bai dubi inda Manaja yake daidai ba, ya ɗan kauce hagu. "Yallaɓai," ya ce a hankali, "ka ce za ka zauna a kan bencina har in dawo. Har addu'a nake yi maka a layin asibiti."

Sauran bai ɗauki lokaci ba. Wata biyu yana cire batura masu kyau biyu biyu, yana mayar da matattu a gurbinsu. Da ya ji masu duba kaya za su zo, ya san za su gane, sai ya kwashe duka ya yanka kwaɗo, ya bar wa makaho. Da Sufeto ya kama hannunsa ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu, zan yi bayani."

Direba ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa. Ni ban yi dariya ba.

* * *

Ba a kai Baba kotu ba. Ranar Talata kamfani ya aiko masa da takarda mai layi huɗu: an gode, an sallame shi saboda barin wurin aiki da kuma lafiyar ido. Ni na karanta masa. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihun da makulli yake zama.

'Yan unguwa suka fara zuwa. Maƙwabciyar nan ta ce dama ita ta san ba zai aikata ba. Wanda ya yi maganar kasuwa, na gane muryarsa da ya ce sannu Baba. Na tsaya a bakin ƙofa ban amsa wa kowa ba. Baba ya amsa musu duka. Ni ne kawai bai yi wa magana ba, Talata da Laraba, ko ruwa na miƙa masa sai ya kau da kai.

Ranar Alhamis na gaya wa Injiniya zan fita. Ta dubi agogo, ba ta tambaye ni ina ba.

Sha biyu da kwata ina tsaye a bakin layinmu. Ban iya tsayuwa wuri ɗaya ba tun da aka haife ni, amma na tsaya. Sha biyu da rabi ya fito, yana lalube bango da yatsu, yana ƙirga taku zuwa kwatar ruwa. Shekara guda yana haka ban lura ba. Ya zo daf da ni ya tsaya.

"Wane ne?"

"Ni ne."

"Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Na koyi hanyar ne."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Sannan ya ɗaga hannu, ya lalubo kafaɗata, ya damƙe ta da ƙarfi har na ji zafi.

"To tafi a hankali, Ba-Zama," ya ce. "Ba gudu za mu yi ba."